AWON RUWAN RAFUKA DA TSARON AMBALIYA A TSIBIRAN HAWAI

Bayani domin Hakimai da Malamansu

Ambaliya iri biyu ce. Akwai ta babban kogi, wadda ta kan taso sannu a hankali, har mutanen bakin gaɓa su yi kwanaki suna ganin zuwanta, su sami damar kwashe iyali da dabbobi. Akwai kuma ta ƙaramin rafi, wadda ta kan zo farat ɗaya, ta yi ɓarnarta ta wuce tun labari bai kai ƙofar mai gari ba. Ta biyun nan ce wannan takarda ta ke bayani a kanta. An ɗauki tsibiran Hawai na ƙasar Amurka domin misali, saboda suna shan irin wannan ambaliya a kai a kai, kuma mutanensu sun fi shekara 100 suna auna rafukansu suna rubutawa. Abin da awon ya nuna musu shi ne, tsakanin saukar ruwan sama bisa dutse da isowarsa gidajen mutane sau da yawa bai wuce sa'a ɗaya ko biyu ba, wani lokaci ma ba ya kaiwa. Dukan aikin awo da gargaɗi an shirya shi ne domin kada wannan ɗan lokaci ya tafi a banza.

YADDA ƘASAR TA KE

Tsibiran Hawai suna tsakiyar Tekun Pasifik, kimanin mil 2,400 daga gaɓar Kalifoniya. Manyansu takwas ne. Waɗanda suka fi jama'a su ne Oahu, inda babban birninsu Honolulu ya ke, da Maui, da Kauai, da kuma babban tsibirin da shi kansa a ke kira Hawai. A 1959 suka zama jiha ta 50 ta Amurka. Dukansu kawunan duwatsu ne masu aman wuta da suka taso daga ƙarƙashin teku tun zamani mai nisa, saboda haka tsakiyar kowane tsibiri tudu ne mai tsawo, gefensa kuwa gangare ne har bakin ruwa. Dutsen Mauna Kea da ke babban tsibirin ya kusa ƙafa 13,800.

Mafi yawan shekara iska tana busowa ne daga arewa maso gabas. Irin iskar nan ce ta ke kawo hunturu a ƙasar Hausa, sai dai a nan ta ratso hamada ta zo da ƙura, a can kuwa ta ratso teku ta zo da laima. In ta tarar da dutse sai ta hau, in ta hau sai ta yi sanyi, laimar ta zama girgije, ruwa ya zuba. Shi ya sa gefen da ke fuskantar iska ya ke da ruwa ƙwarai, bayan dutsen kuwa ya ke a bushe. Bisa dutsen Waialeale na tsibirin Kauai, mai tsawon ƙafa 5,148, a kan sami kimanin inci 450 na ruwan sama a shekara, a 1982 ma an auna inci 683. Amma a gaɓar yamma ta wannan tsibiri ruwan shekara bai fi kimanin inci 20 ba. Domin a gane girman abin, a tuna ruwan damina ɗaya a Kano kimanin inci 35 ne zuwa 40.

DALILIN DA YA SA RUWAN KE ZUWA FARAT ƊAYA

Dalili na fari shi ne gajartar rafuka da tsananin gangarensu. Kogin Kwara ya kai mil 2,600, har ruwan da ya zuba a duwatsun Gini ya kan yi watanni kafin cikarsa ta iso Yamai. A Hawai kuwa, Wailuku da ke ratsa garin Hilo, wanda shi ne mafi tsawo a babban tsibirin, mil 28 ne kurum. Ma'anar sunansa da harshen mutanen ƙasar ita ce ruwan halaka. Daga kan Waialeale zuwa teku bai kai mil 15 ba, ga shi kuwa ruwan zai sauko ƙafa dubu biyar da ɗoriya cikin wannan 'yar tafiya.

Dalili na biyu shi ne ƙuncin kwaruruka. Kowane rafi yana cikin kwari mai tsayayyun bangaye, babu fadamar da ruwa zai bazu ya huce, sai a bakin teku. A nan bakin tekun kuma mutane suka yi gidaje da gonaki, domin nan ne fili ya ke. Babbar hanyar mota ma gaɓa ta ke bi, tana ƙetare rafi bayan rafi.

Dalili na uku shi ne yawan ruwan da ke zuba cikin ɗan lokaci. Daga Oktoba zuwa Afrilu a kan yi wani irin hadari da su ke kira Kona, wanda ya kan juya iska ya kawo ruwa har gefen da ya saba zama a bushe. Daga Yuni zuwa Nuwamba kuma lokacin guguwar teku ne. A watan Agusta 2018 guguwar da aka sa wa suna Lane ta zubar da fiye da inci 50 a waɗansu wurare na babban tsibirin cikin kwana huɗu, ko da ya ke cibiyarta ba ta hau tudu ba. Inci ɗaya na ruwan sama bisa eka ɗaya ya fi tan 100 nauyi. In ƙasa ta riga ta ƙoshi da ruwan kwanakin baya, kusan dukan wanda ya zuba sabo gangarowa zai yi.

Babban haɗarin kuwa shi ne, a kan yi rana tarwai a bakin teku alhali ana tafka ruwa bisa dutse. Mai wanka ko mai ƙetare rafi ba ya ganin kome sai ruwan ya iso kansa.

ASALIN AIKIN AWO

Kula da ruwa tsohon abu ne wurin mutanen Hawai. A zamanin sarakunansu an raba ƙasa yanki yanki, yawancin yankunan suna tasowa daga kan dutse su gangara har teku, sau da yawa kwari guda da rafinsa. Sunan irin wannan yanki ahupuaa. Kowanne yana da wakilin sarki da a ke kira konohiki, shi ke lura da aikin gayya na gyaran magudanai da rabon ruwa ga gonakin gwaza, wadda ita ce babban abincinsu. Da harshensu ruwa shi ne wai, arziki kuwa waiwai. Watau tun da can an ɗora nauyin rafi daga kansa har bakinsa a wuyan mutum ɗaya sananne.

Da aka kafa manyan gonakin rake cikin ƙarni na 19, kamfanoni suka haƙa magudanai suka gina madatsai domin su kai ruwa daga gefe mai laima zuwa busasshen gefe. Wannan ya sa tilas a san yawan ruwan kowane rafi. Ofishin Binciken Ƙasa na Amurka, wanda ya kafa tashar awon kogi ta farko a Embudo bisa kogin Rio Grande a 1889, ya soma aiki a Hawai a 1909. Tashoshin suka yi ta ƙaruwa har suka kusa 200 wajen 1966. Daga baya suka ragu ƙwarai saboda ƙarancin kuɗi da mutuwar sana'ar rake, wadda babbar gonarta ta ƙarshe ta rufe a Maui a 2016. Awon da aka fara domin rabon ruwan noma shi ne ya zama harsashin gargaɗin ambaliya.

YADDA A KE AUNA TSAYIN RUWA

Mafi sauƙin ma'auni shi ne allo mai zane, kamar rula, da a ke kafawa a bakin rafi ko a jikin gada, mutum ya duba ya karanta inda ruwa ya tsaya. Kome kyan sauran na'urori ba a barin wannan, domin da shi a ke gwada gaskiyarsu.

Na biyu shi ne rijiyar awo. A kan gina 'yar rijiya a gefen rafi, a haɗa ta da rafin da bututu, ruwan cikinta ya daidaita da na waje amma ba ya motsi da igiyar ruwa. A sa wani abu marar nauyi kamar gora ya yi ta yawo a bisansa, a ɗaura masa waya da ke ratsa wani faifai mai juyawa. In ruwa ya hau gorar ta hau, faifan ya juya. A da alƙalami ne ke zana hawan bisa takarda mai tafiya da agogo, yanzu kuwa na'ura ce ke riƙe lissafin.

Na uku shi ne siririn bututu da a ke shimfiɗawa ƙarƙashin ruwa a riƙa tura iska ta cikinsa. Gwargwadon zurfin ruwa gwargwadon ƙarfin da a ke bukata kafin iskar ta fita, daga nan na'ura ta lissafa tsayin. Na huɗu kuwa a kan rataya shi ne ƙarƙashin gada, ya aika da sigina zuwa fuskar ruwa ya auna lokacin dawowarta. Amfaninsa shi ne ba ya taɓa ruwan, saboda haka duwatsu da itatuwan da ambaliya ke tafe da su ba su cika samunsa ba.

Yawancin tashoshin su kan ɗauki awo kowane minti 15, waɗansu ma kowane minti 5. Suna aiki da batir da faifan hasken rana, su aika da lissafin ta tauraron ɗan'adam kamar kowace sa'a, in ruwa ya haura wani ƙayyadadden tsayi kuma su ƙara yawan aikawa. Kowa na iya duba awon a intanet kyauta.

Akwai kuma wani ɗan ma'auni mai arha wanda ya cancanci a ambata. Bututun ƙarfe ne a tsaye mai ƙofofi a gindi, da sanda a cikinsa, da garin ɓawon itacen nan marar nauyi da a ke toshe kwalba da shi. In ambaliya ta zo ruwa ya shiga bututun ya ɗaga garin, in ya janye sai garin ya manne a jikin sandar daidai inda ruwan ya tsaya. Ma'aikaci ya zo bayan kwanaki ya zare sandar ya auna. Ba ya gargaɗi, amma yana ajiye shaidar iyakar kowace ambaliya.

Ruwan sama ma ana aunawa. Ma'auninsa mazurari ne da ke zuba cikin 'yar kwanon da ke tuntsurewa duk sa'ad da ta tara kashi ɗaya cikin ɗari na inci, na'ura tana ƙidaya tuntsurawar. Ban da wannan akwai manyan na'urorin hangen hadari guda huɗu, ɗaya a Kauai, ɗaya a Molokai, biyu a babban tsibirin, masu nuna inda ruwa ke zuba da ƙarfinsa.

DAGA TSAYI ZUWA YAWA

Sanin tsayin ruwa kaɗai bai isa ba, sai an san yawan da ke wucewa. Ma'aikata su kan je rafi lokaci lokaci, su auna faɗinsa da zurfinsa wuri wuri, su auna gudun ruwan da 'yar farfela ko da na'ura mai aiki da amo. In an riɓanya faɗi da zurfi da gudu sai a sami yawan ruwan da ke wucewa cikin daƙiƙa ɗaya. Ma'aunin da su ke lissafi da shi shi ne cikin akwati mai ƙafa ɗaya ta kowace fuska, watau kimanin garwa ɗaya da rabi.

Ga misali. A ce rafi yana da faɗin ƙafa 40, zurfin ƙafa 2, ruwansa yana tafiyar ƙafa 3 a daƙiƙa. Abin da ke wucewa akwati 240 ke nan kowace daƙiƙa. In ya cika, faɗinsa ya zama ƙafa 60, zurfi ƙafa 8, gudu ƙafa 10, to abin ya zama akwati 4,800. Zurfi ya ninka sau huɗu ne kurum, amma ruwan ya ninka sau ashirin. Wannan ne ya sa ƙarin ƙafa ɗaya a kan cikakken rafi ya fi ƙarin ƙafa ɗaya a kan ƙanƙanen ruwa haɗari nesa ba kusa ba.

In aka yi irin wannan awo sau da yawa, da rani da damina, sai a tsara jadawali mai nuna cewa tsayi kaza daidai ya ke da yawa kaza. Tilas a riƙa sabunta jadawalin, domin kowace babbar ambaliya ta kan sāke cikin rafi, ta kwashe yashi a nan ta tara duwatsu a can. Daga littafin shekaru masu yawa ne a ke sanin tsayin da in ruwa ya kai zai hau gada kaza, ko ya shiga unguwa kaza. Da shi ne kuma injiniyoyi ke ƙayyade girman gada da kwalbati, hukuma kuma ta zana taswirar wuraren da ba su dace da gini ba.

YADDA LABARI KE KAI WA JAMA'A

Masu awo ba su ne ke yin gargaɗi ba. Wannan aikin Ofishin Kula da Yanayi ne da ke Honolulu, inda a ke tsaro dare da rana. Gargaɗinsu hawa hawa ne. Na fari sanarwa ce ta a zauna da shiri, wadda a kan yi tun da sauran yini ko fiye, in an ga alamar babban ruwa. Na biyu sanarwar ƙaramar ambaliya ce, mai hana zirga-zirga. Na uku shi ne gargaɗin ambaliyar farat ɗaya, ma'anarsa ruwa ya taso ko yana gab da tasowa, kowa ya bar bakin rafi ya hau tudu nan take. Akwai na huɗu da ba a cika yinsa ba sai rayuka da yawa suna cikin haɗari.

A kan watsa gargaɗin ta rediyo da talabijin, mai tsanani kuma ya shiga wayoyin hannu na duk wanda ke yankin da wata ƙara ta musamman. Jihar tana da jiniyoyi a garuruwa, ana gwada su ranar aiki ta farko ta kowane wata da ƙarfe 11:45 na safe, domin a tabbata suna aiki, jama'a kuma su san muryarsu. Ofishin agajin gaggawa na kowace gunduma shi ke da ikon buɗe mafaka da umurtar mutane su tashi, 'yan sanda kuma su rufe hanya. A arewacin Kauai akwai tsohuwar gada mai layi ɗaya bisa kogin Hanalei, da ma'auni a can sama da ita. In ma'aunin ya nuna kogin na hawa, a kan rufe hanyar da ke kusa da gadar, domin an san daga littafin awo cewa ruwa zai hau ta.

Ana kuma koya wa jama'a lissafi mai sauƙin riƙewa. Ruwa mai gudu na inci 6 ya isa ya ka da babban mutum, na ƙafa ɗaya ya isa ya ɗaga ƙaramar mota, na ƙafa biyu kuwa ya kan tafi da yawancin motoci. Ana koya musu alamun rafi: in ruwansa ya rikiɗe ya yi ja, ko ya soma zuwa da ganyaye da rassa, ko aka ji ruri daga sama, ko aka ga baƙin hadari ya lulluɓe kan dutse, to a fita ba tare da jiran sanarwa ba.

AMBALIYA UKU DA ABIN DA SUKA KOYAR

Daren 30 ga Oktoba 2004 aka yi ruwa fiye da inci 8 cikin sa'a 6 a kan kwarin Manoa da ke Honolulu. Itatuwa da tarkace suka toshe ƙarƙashin wata gada, rafin ya bar hanyarsa ya bi unguwa, ya faɗa Jami'ar Hawai. Ya cika ɗakin ƙasa na babban ɗakin karatunta, inda a ke ajiye taswirori da takardun Gwamnati, har waɗansu ɗalibai da ke ciki sai da suka fasa taga suka fita. Ba a yi asarar rai ba, amma hasarar dukiya ta kai kimanin dala miliyan 85. Darasin nan shi ne, toshewar gada ɗaya ta kan aika ruwa inda ba a taɓa zato ba, kuma takardu masu daraja ba a ajiye su a ƙasa.

Da asubahin 14 ga Maris 2006, bayan makonni ana ruwa, madatsar Ka Loko da ke Kauai ta fashe. Ta ƙasa ce, an gina ta tun 1890 domin gonar rake. Ruwa kusan galan miliyan 400 ya gangara kwari cikin duhu, ya kashe mutum 7, ya yanke babbar hanya. Binciken da aka yi ya nuna an cike hanyar da rarar ruwa ke fita, ma'aikatan Gwamnati kuma ba su duba madatsar yadda doka ta ce ba. Ba wanda ya tashi mutanen da ke barci a ƙasa. A 2007 jihar ta yi sabuwar doka mai tsananta duba madatsai.

Ran 14 da 15 ga Afrilu 2018 hadari ya tsaya cik bisa arewacin Kauai. A kwarin Waipa aka auna inci 49.69 cikin sa'a 24, watau fiye da ƙafa huɗu, wanda ba a taɓa auna irinsa a duk Amurka ba. Kafin wannan, mafi yawa shi ne inci 43 da aka auna a Alvin ta jihar Teksas a 1979. Gidaje fiye da 500 suka lalace a Kauai da Oahu. Zaizayar duwatsu ta rufe hanyar da ke zuwa Wainiha da Haena, aka kwashe ɗaruruwan mutane da jirage masu saukar ungulu, hanyar kuwa ba a buɗe ta ga kowa da kowa ba sai Yuni 2019. Duk da haka ba a rasa rai ko ɗaya ba. An yi gargaɗi a kan kari, an rufe hanya, maƙwabta kuma suka taimaki juna. Ma'aunin da ya kama wannan adadi na wata ƙungiya ce ta mutanen wurin mai kula da kwarin, kuma saboda an kiyaye shi da kyau ne masana suka amince da lissafinsa bayan sun bincika.

IYAKAR MA'AUNI

Ma'auni yana da iyakarsa. A ambaliyar 2018 waɗansu ma'aunai sun daina aiki a tsakiyar ruwan, lokacin da aka fi bukatarsu, sai daga baya ma'aikata suka bi alamun laka da ciyayin da suka maƙale a itatuwa suka lissafa iyakar ruwan. Rafukan Hawai ɗaruruwa ne, mafi yawansu ba su da ma'auni. Duwatsu su kan kare wa na'urar hangen hadari waɗansu kwaruruka. A ƙaramin kwari kuma, kafin ma'aunin rafi ya nuna hawa ruwan ya riga ya kusa gidaje, saboda haka a nan awon ruwan sama na kan dutse da idon mazauna wurin su ne abin dogara. Ma'auni ba ya tare ruwa. Ɗan lokaci ya ke samar wa mutane, amfanin lokacin kuwa yana ga mai karɓar labari da mai ba da umurni da masu binsa.

ABIN DA YA SHAFI HAKIMAI

A Nijeriya akwai hukumar awon ruwa ta Tarayya da ke da ma'aunai bisa Kwara da Binuwai, irin na Lokoja da Makurɗi, tana fitar da hasashen ambaliya kowace shekara kafin damina. Wannan ya dace da manyan koguna masu tasowa a hankali. Ƙananan rafuka da ƙoramu kuwa, musamman na gindin duwatsun Filato da Mandara da Mambila, da kwazazzaban da ke ratsa garuruwa, halinsu ɗaya da na Hawai. A Yuli 2012 irin wannan ruwa ya kashe fiye da mutum 30 a unguwar Rikkos ta Jos. Ran 10 ga Satumba 2024 ruwan madatsar Alau ya mamaye Maiduguri. Ran 29 ga Mayu 2025 ambaliya ta afka wa Mokwa bayan ruwan dare, mutum fiye da 150 suka rasu. Allah ya jiƙansu.

Mafi yawan abin da ke tsare rai a nan ba ya bukatar tauraron ɗan'adam. Ya kamata Hakimi, tare da ƙaramar hukuma da ofishin agajin gaggawa na jiha, ya lura da waɗannan:

1. A san kowane rafi da madatsa da ke cikin gunduma, da ƙauyukan da ke ƙarƙashinsu. A tambayi dattawa iyakar inda ruwa ya taɓa kaiwa da shekarar da ya kai, a sa alama mai ɗorewa a wurin.

2. A zana awo da fenti a jikin gada ko a kafa turken ƙarfe, yadda za a iya karantawa daga tudu ba sai an sauka bakin ruwa ba. A yi zane na shiri, da zane na tashi.

3. Malamin Hakimi ya buɗe littafi, ya riƙa rubuta rana da sa'a da tsayin ruwa da sunan wanda ya duba. Kada a tsallake ranakun da ba kome, domin da su ne a ke gane ranar da ta saɓa. A ajiye littafin inda ruwa ba ya kaiwa.

4. Dagacin da ke sama ya riƙe lambar wayar dagacin da ke ƙasa, ya sanar da shi duk sa'ad da aka yi babban ruwa, ko da tsakar dare ne, ko da ba a ga ɗigo ɗaya a ƙasan ba.

5. A ƙayyade tun da wuri wanda ke da ikon cewa a tashi in mai gari ba ya nan, da abin da za a yi shela da shi, ko lasifikar masallaci ko ganga, da tudun da kowace unguwa za ta nufa. A san gidajen tsofaffi da marasa lafiya.

6. Kafin damina a yi gayya a yashe kwalbatoci da ƙarƙashin gadoji. A duba mafitar rarar ruwa ta kowace madatsa, in an ga tsagewa ko yoyo a rubuta wa hukuma nan da nan, a ajiye kwafin takardar.

7. Kada a sa hannu a ba da fili a kan hanyar ruwa, kome daɗewar rafin bai cika ba.

Wata rana za a tashi mutane ruwan bai zo ba, waɗansu su yi gunaguni. Wajibi ne Hakimi ya tsaya wa wanda ya yi shelar, domin in aka kunyata shi yau, gobe zai yi jinkiri. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Aikin zana awo da buɗe littafi da karɓar lambobin waya na rani ne, a gama shi kafin ruwan fari ya sauka.